Ya'u Mai Walda da Hasumiyar da Ta Durƙusa

Ya'u ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goye shi, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba tsegumi ba ne, da idona na gani. Sunana Batula. A Wurma aka haife mu, aure ya kawo ni Kurfi, inda nake tatsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Shi kuwa yana Dutsin-Ma yana walda, ko da yake in ka kira shi mai walda a gaban mutane sai ya yi kamar da wani kake.

Babanmu, Malam Ilu, maƙeri ne. Fartanya, gatari, lauje, bakin garma, duk wanda ke noma a Wurma da ƙauyukan da ke kewaye ya taɓa riƙe wani abu da ya fito daga hannunsa. Tun Ya'u yana ƙarami Baba ya zaunar da shi bakin zuga-zugi. Kafin gawayi ya yi ja ya fara ƙorafi: hayaƙi na shiga idonsa, toka na ɓata masa riga, zafin wuta zai baƙanta shi. Mutumin da Allah ya halitta baƙi wuluk kamar ni, wai tsoro yake kada wuta ta ɓata masa fata. Yana da wani guntun madubin babur da ya tsinta a hanya, a aljihu yake yawo da shi, in Baba ya juya baya sai ya zaro ya duba haƙoransa.

Da ya zama saurayi, wata rana Baba ya tafi da shi Dutsin-Ma sayen tsohon sifirin, wato ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin manyan motoci ta ƙasa, wanda da shi yake ƙera duk wani abu mai kaifi. A bakin hanya suka wuce wani mai walda, tartsatsi na tashi, mutane sun tsaya kallo, shi kuma mutumin yana sanye da baƙin tabarau. Shi ke nan. Ya'u ya dawo gida ya ce shi ya gama da maƙera. Mutane suna cewa sana'ar ce ta burge shi. Ni na san tabarau ɗin ne.

Baba bai hana shi ba. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne, ya je ya koya.

Abin haushin shi ne ya iya. Da bai iya ba da ba mu da labari. Allah ya ba shi hannu, ko maƙiyinsa ya sani. In ya ja layin walda sai ka ce ɗinkin tela, ba kumburi, ba rami. Kuma ya faɗa cikin ƙarfen da ya dace da raggo, wato baƙin ƙarfen nan da ake sayarwa sanda-sanda da faranti-faranti, wanda ake yin ƙofa da taga da gado da shi. Shi ba ya buƙatar ka gasa shi ka yi ta duka kana zufa kamar sifirin. Zarto na yanka shi, a huda shi ba gardama, a sanye ma in ka sa ƙarfi sai ya lanƙwasu yadda kake so, walda kuma na kama shi nan take. In nauyi ya yi masa yawa ba ya tsinkewa farat ɗaya, sai dai ya yi ta sunkuyawa. Ya'u da kansa ya yi mini wannan karatu ranar da ya haɗa mini murhun suya. Ya ce akwai wani sinadari ɗan uwan gawayi da ke cikin ƙarfe tun daga masana'anta, in ya yi yawa ƙarfe ya yi tauri da taurin kai, in kaɗan ne ya yi laushi da biyayya. Ya ce aibinsa biyu: ba ya riƙe kaifi, ko ka gasa shi ya yi ja ka tsoma a ruwa ba abin da zai ƙaru da shi, sannan tsatsa na cin sa in ba a fara shafa masa jan fenti ba.

Ku riƙe wannan, shi ya faɗa da bakinsa. Duk abin da ya biyo baya ba jahilci ba ne.

Da jami'a ta zo Dutsin-Ma gari ya cika da gine-gine. Kowa na son ɗakunan haya, kowane ɗaki na son ƙofa da taga da gadon ƙarfe. Ya'u ya buɗe rumfarsa, ya sayi janareta, aiki ya yi masa yawa. Ya auri Zinariya, mace mai haƙurin da ban san inda ta samo shi ba. A nan ne kansa ya fara kumbura. Ya sa aka rubuta masa allo da manyan baƙaƙe, Injiniya Ya'u, shi da ko firamare sai da Baba ya yi ta rakiya da tsumagiya. Tabarau ya zama ba ya fita daga fuskarsa, da shi ya zo sunan 'yata, da shi ya je gaisuwar mutuwa. Akwai garkuwar fuska da masu walda ke riƙewa don kare ido daga hasken nan, tana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya rufe fuska masu wucewa ba za su san wa ke aikin ba. Da yamma sai ya koma gida idanu jajir suna zubar ruwa, Zinariya ta yi ta ɗora masa tsumma mai sanyi yana nishi kamar mai naƙuda.

Kuma ya daina yin ƙofa a matsayin ƙofa. Ka ce ya yi maka ƙyaure, sai ka tarar ya lanƙwasa rodi ya yi furanni, ya yi tauraro, ya yi wani tsuntsu da ba a san danginsa ba. Wani malamin makaranta ya taɓa ce masa shi ƙofar bayi kawai yake so, ya samu an yi masa ta da rana tana fitowa.

Bayan rasuwar Baba maƙera ta mutu. Ya'u ya zo ya kwashi uwar maƙera da guduma ya jibge a bayan rumfarsa, kaji na hawa. Manoman Wurma suka koma wasu maƙeran, in ban da mutum ɗaya. Baffa Hamma, wani dattijon Bafillace da ke zaune wajen Karofi yana noma da shanun huɗa, aminin Baba ne tun suna samari, kuma bai taɓa sa wa garmarsa bakin da ba na gidanmu ba. Da bazara ta yi nisa ya hau mota ya zo Dutsin-Ma, ya ajiye tsohon bakin garma da ya cinye a gaban Ya'u.

"Ɗan Ilu, irin wannan nake so. Ubanka da sifirin yake yi."

Ya'u ya san haka sarai. Ya kuma san sifirin sai an hura wuta, sai an yi duka, sai riga ta jiƙe. Ya ɗaga tsohon ƙarfen da yatsu biyu kamar ya ɗauki mushen ɓera.

"Baffa, wannan ai aikin da ne. Yanzu an ci gaba. Ka dawo ka ga na zamani."

Ya yanko farantin baƙin ƙarfe, ya gurza bakinsa ya yi ƙyalli, ya shafe shi da koren fenti, har da ɗan zanen ganye a gefe. Da Baffa Hamma ya dawo karɓa ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya ji ƙarar ba irin ta sifirin ba ce. Amma ɗan Ilu ne, sai ya yi godiya ya tafi.

Ruwa ya sauka, kowa ya fita huɗa. Gonar Baffa Hamma akwai tsakuwa. Kafin rana ta take bakin garmar ya dakushe, kafin la'asar ya naɗe sama kamar busasshen ganye, shanu na ja, ƙasa ba ta tsaguwa. Lokacin ina gidan Ya'u na je duba Zinariya da ta haihu, da kunnena na ji. Tsohon ya zo da laka har gwiwa, ya ajiye ƙarfen a ƙasa, bai ɗaga murya ba.

"Ɗan Ilu, dubi."

Ya'u ya sunkuya, ya sauke tabarau kan hanci, ya duba kamar likita.

"Baffa, shanunka nawa suka ja wannan?"

"Biyu, kamar kullum."

"To ai sun cika ƙarfi. Ka ƙoshe su da yawa. Wannan na shanu masu natsuwa ne."

Baffa Hamma ya girgiza kai. Ya ce, "Allah ya jiƙan Ilu." Ya juya ya tafi, ko ƙarfen bai ɗauka ba. Kafin ya samu wani maƙerin da ba layi a gabansa damshin farko ya wuce, shekarar nan dawarsa ba ta yi abin kirki ba. Bai sake taka ƙofar Ya'u ba har ya bar duniya. A ranar, tsohon na juya baya na shiga rumfar na zage Ya'u tas. Ya bari na gama, ya ce, "Yaya, ke fa man gyaɗa kika sani." Da yamma na ji yana ba maƙwabtansa labari wai wani Bafillace ya zo masa da shanu masu aljanu.

Wannan ƙaramin abu ne in an gwada da na Kurfi.

Alhaji Khalil maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Dillalin hatsi ne, yana da sito a cikin gida inda yake tara wake da masara. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya yi niyyar ɗora tanki a sama ya fito da famfo waje don mutanen unguwa su riƙa ɗiba, sadaka ga mahaifiyarsa. Niyya mai kyau. Uwargidansa, Hajiya Saudatu, ta taɓa ganin wata ƙofar Ya'u mai furanni a Dutsin-Ma ta yaba, shi ya sa aka kira shi ya yi hasumiyar da tankin zai zauna.

Alhaji ya sayo ƙarfe mai kauri, daidai abin da zai ɗaga tanki ya ɗan wuce rufin ɗaki. Ya'u ya zo ya zagaya gidan, ya fita bakin titi ya tsaya yana hangen sama, hannu a ƙugu.

"Alhaji, in aka yi shi gajere wa zai san kai ka yi? Mai tahowa daga Dutsin-Ma ya kamata tun daga nesa ya hango ya tambaya na wane ne."

Alhaji Khalil mutum ne da in ka yabi hularsa sai ya cire ya ba ka ka ƙara dubawa. Ya ce, "Injiniya, kai ka san aikinka." Duk garin Kurfi shi kaɗai na taɓa ji ya kira shi da wannan suna.

Ya'u ya kwashi ƙarfen mai kauri ya mayar wurin mai shago, ya musanyo siriri mai yawa. Bai ci ko ƙusa ba, ƙanena ba ɓarawo ba ne, da ɓarawo ne ma da sai in san abin da ke damunsa. Tsawo kawai yake so. Ya ta da ƙafafu huɗu suka yi sama suka wuce bishiyar darbejiya, suka kusa kamo hasumiyar masallaci. Irin wannan gini ana gicciya masa ƙarfe tsakanin ƙafa da ƙafa, daga ƙasa har sama, don kada ya yi rawa. Kowane mai walda ya sani. Ya'u ya ce giciye zai ɓata kyan abin. A wurinsu ya lanƙwasa siririn rodi ya yi furanninsa, can sama kuma ya rubuta sunan kansa, ba na Alhaji ba, da ƙarfe, kowane harafi ya kai tsawon yaro. Jan fentin da ke hana tsatsa ya ce launinsa na ƙauye ne, ya tsallake shi, ya shafa ruwan azurfa kai tsaye a kan ƙarfe.

Gaskiya ranar da aka gama ta yi kyau. Rana na dukanta tana ƙyalli, mutane suka taru, aka yi addu'a, aka cika tanki, ruwa ya zubo a famfo. Alhaji ya yanka rago. Ya'u ya tsaya gindinta ana ɗaukarsa hoto har wuyansa ya gaji.

Mata ne suka fara lura, don mu ke tsayawa a layin famfo muna kallon sama. Wata ta ce kamar abin nan ya ɗan karkata wajen siton Alhaji. Aka yi mata dariya. Da aka kwana biyu sai mai dariyar ma ta daina ajiye bokitinta ta wannan gefen. Bututun da ke hawa sama yana ɗiga, ruwa na taruwa a gindin ƙafa ɗaya, damina kuma ta shigo. Ruwan azurfar ya fara ɓarewa, jan tsatsa na gangarowa kamar an watsa jar miya a farar riga.

Hajiya Saudatu ta leƙo ta katanga ta kira ni.

"Maman Aishatu, don Allah ki yi wa ƙanenki magana. In iska ta taso ina jin abin nan yana kuka. Na hana yara wasa a tsakar gida."

"Hajiya, Alhaji fa? Ai shi ya kamata ya kira shi."

"Alhaji? Ya gama faɗa wa 'yan kasuwa babu irinta har Katsina. Na yi magana ya ce idona ne ya karkace."

Washegari na rufe suya na hau mota. Na tarar da Ya'u a kan benci yana cin rake.

"Ya'u, hasumiyarka tana faɗuwa."

"Wace hasumiya? Ina da su da yawa." Guda ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa.

"Ta Alhaji Khalil. Ta karkata, tsatsa ta ci gindinta. Ka zo ka sa mata giciye, ko a sauke tankin."

Ya tofar da ɓawon rake. "Yaya, ƙarfe sabo sai ya nemi wurin zama. Yana gyara tsayuwa ne."

"Kai ka ce mini da bakinka ƙarfen nan in ya fara sunkuyawa nauyi ne ya fi ƙarfinsa."

"Na faɗa a kan murhu. Wannan hasumiya ce."

Na lura bai dube ni ba da yake faɗin haka. Ya san gaskiya. Amma a ce ya zo Kurfi da janareta, ya hau sama a gaban jama'a ya yanke furanninsa ya sa giciye, wannan a wurinsa ya fi mutuwa ciwo. Ya ce zai leƙo in ya samu sarari. Na ce Allah ya shirye shi, na dawo na janye kaskon suyata daga jikin katangar Alhaji.

Daga nan abin ya zama abin kallon gari. 'Yan acaɓa na tsayawa su karkata kai su duba. Masu shayi suka sa mata suna Mai Ruku'u. Alhaji Khalil ya koma shiga gidansa ta ƙofar baya don kada a tare shi da maganar, amma kullum da safe sai ya sa a tada inji a cika tankin fal, wai in ya bar shi rabi mutane za su ce ya tsorata.

Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara kaɗa ledoji. Ina kwashe ƙuli daga shanya na ji wata ƙara mai tsawo, kamar ana jan tsohuwar ƙofa da ba ta taɓa ganin mai ba. Na ɗaga kai. Ƙafar da tsatsa ta ci ta lanƙwashe a tsakiya kamar gwiwar raƙumi. Matan da ke famfo suka watsar da bokitai suka zura. Hajiya Saudatu ta fito da jikarta a kafaɗa tana salati. Abin bai faɗo gaba ɗaya ba. A hankali ya yi ta sunkuyowa yana kuka, har wani tsoho mai sanda ya samu ya tsallake titi, sannan ƙafa ta biyu ta bi, tankin ya sulluɓo ya dira a kan rufin sito ya fashe. Ruwa ya ɓalle kamar an buɗe dam. Rufin ya burma, katangar da ke tsakaninmu ta zube, buhunan wake da masara suka sha ruwa, wanda ya saura kuma ruwan sama ya zo ya ƙarasa. Sunan Ya'u ya faɗo a tsakar gidana, kusa da turmi, a juye.

Ba wanda ya ko ƙwarzane. Wannan ikon Allah ne, kuma halin ƙarfen ne da ba ya karyewa ba sallama.

Da safe Ya'u ya iso, ya sha shadda. Unguwa ta cika, waken Alhaji ya kumbura ya fara tsami, ana ta fito da shi ana bazawa a tabarmi. Na zaci zai sunkuyar da kai. Sai ya zagaya tarkacen, ya dafa ƙafar da ta lanƙwashe, ya bi layin waldarsa da yatsa, ya juyo wajen mutane fuska a sake.

"Jama'a, ku zo ku gani. Ko wuri ɗaya walda ba ta saki ba. Kun ga ingancin aiki? Da wani ne ya yi, da ta tsinke ta kashe mutane. Ai Alhaji godiya ya kamata ya yi mini."

Ni kunya ta sa na ja mayafi na rufe fuska. Alhaji Khalil, da ke tsaye cikin laka da silifa ɗaya, ya nuna masa ƙofa.

"Kai mai walda," ya ce, "fita mini daga gida."

Duk asarar da aka yi, wannan kalmar ce kaɗai na ga ta taɓa Ya'u. Fuskarsa ta faɗi kamar an mare shi.

Maganar ta je gaban mai unguwa. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya'u ya fara da cewa iskar ranar ba irin ta ƙasar nan ba ce. Ya koma kan tankin, ya ce an cika shi fiye da ƙima. Ya koma kan mai shagon ƙarfe. Alhaji ya ce shi tun farko bai yarda da tsawon ba, sai dattawa suka dube shi, ɗaya ya tuna masa abin da ya riƙa faɗa a kasuwa, ya hau gyara hula. Mai unguwa ya ce ba zai wahalar da kansa ba, masu laifi biyu ne kuma duk ga su a zaune. Alhaji ya ɗauki asarar hatsinsa ya gyara katangata. Ya'u kuma ya sake ta da hasumiya da hannunsa, da ƙarfe mai kauri, kada ta wuce rufin ɗaki da yawa, a sa giciye, a shafa jan fenti, kuma dattawa biyu za su zauna a wurin har ya gama.

Haka aka yi. Ina kallonsa ta inda katanga ta zube. Bai yi wa kowa magana ba, ba waƙa, ba labari. Ya auna, ya yanka, ya daidaita, ya gicciya ƙarfe daga ƙasa har sama, ya zuba kankare a gindin kowace ƙafa ya ɗaga shi don kada ruwa ya kwanta. Ya shafa jan fenti har sau biyu yana ɓata rai kamar ana ba shi magani mai ɗaci. Na kai masa fura ya sha. Da zai miƙo mini kwanon sai ya dubi inda tankin ya faɗo.

"Yaya," ya ce a hankali, "da akwai yara a ƙarƙashi fa?"

"Da akwai, har zuwa lokacin da ta fara kuka."

Ya sunkuyar da kai. Na ce a raina yau dai Allah ya taɓa zuciyar yaron nan. Sai ya goge baki ya ce, "Amma dai kin ga waldar ba ta saki ba."

Na karɓi kwanona na shige.

Hasumiyar tana nan, guntuwa, ja, mummuna, ko guguwa ba ta motsa ta. Duk unguwa daga ita muke sha. Ita ce aiki mafi kyau da Ya'u ya taɓa yi, kuma ita kaɗai ya ƙi sa wa suna. In ya zo Kurfi gaishe ni ta bayan gari yake zagayowa don kada ya gan ta. A Dutsin-Ma kuwa labarin da yake bayarwa daban ne: wai ya taɓa gina hasumiya a Kurfi da tsawonta ya sa mahassada suka yi mata baki.

Yanzu furfura ta fito masa, idanun sun yi rauni, zaren allura sai Zinariya. Aiki bai yanke masa ba, don mutane sun gano yadda ake amfani da shi. Kai za ka sayo ƙarfenka, ka zo da jan fentinka, ka faɗi abin da kake so, sannan ka nemi wuri ka zauna. In ka kuskura ka tafi sallah ka daɗe, ka dawo ka tarar da tsuntsu.

Bara da ɓarayi suka addabi unguwarmu na so a yi wa ɗakin da nake ajiye man gyaɗa ƙofar ƙarfe. Na je da tabarmata da goro na shimfiɗa a bakin rumfar.

"Yaya, ki je gida wurin Zinariya mana, rana za ta dake ki."

"Ina nan."

Ya haɗa firam ɗin ƙofar, ya ɗora faranti, ya sa sakata. Can na ga ya jawo wani siririn rodi yana lanƙwasawa a ɓoye ta bayan ƙafarsa.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan zaki ne kawai, a tsakiya. Don ɓarayi su ji tsoro."

"Ajiye."

"Yaya, ƙofa ba ado ai..."

"Ya'u, ajiye."

Ya jefar da rodin ya yi tsaki, ya ce mutanen Kurfi ba su san darajar fasaha ba, shi ya sa garin bai ci gaba ba. Bai sake yi mini magana ba har aka ɗora ƙofar a kan mota. Ko sallama sai Zinariya ce ta fito ta yi mini. Ƙofar kuwa ta zauna daram a gurbinta, da yatsa ɗaya nake tura ta ta rufe.